Wace irin babbar jakar goyo ce ta dace da mai keke?

Ɗan Rigasa:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masu hawan keke da masu sana'ar jaka. So nake in sayi babbar jakar goyo da zan riƙa ɗaukar kaya da ita a kan keke, daga Rigasa zuwa cikin garin Kaduna kullum, wani ƙarshen makon kuma har Zariya. Kayan ba su wuce kwamfutar tafi-da-gidanka da cajarta ba, da tufafi kala biyu, da takalmi, da gorar ruwa, da 'yan littattafai, sai ɗan cefane in za a koma gida. Keken mai giya ne, amma ba shi da kariya, wato wurin ɗaura kaya na baya. A kasuwa akwai masu lita 30, akwai masu 45, akwai ma irin ta masu hawan duwatsu mai lita 70. Wacce ta fi dacewa? Me ake dubawa kafin a biya kuɗi? Gwanjo ko sabuwa? Kuma yaya za a yi da ruwan sama, ga damina ta kankama?

Mai Feda na Kawo:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da farko cire mai lita 70 ɗin nan daga lissafi. Ba don ba ta da kyau ba, an yi ta ne don mai tafiya a ƙasa, wanda bayansa ke miƙe. Kai kuwa a kan keke duƙawa kake yi, kana ɗaga kai don ganin hanya. Doguwar jaka tana zarce kafaɗa, da ka ɗaga kai sai ƙeyarka ta doki samanta, in kana da hular kwano kuma ta turo maka ita kan ido. Gindinta kuma yana sauka har kan sirdi, duk ramin da ka faɗa sai sirdin ya tunkuɗo ta sama. Ita kanta ba komai a ciki tana haura kilo 2.

Kayan da ka lissafa, lita 30 zuwa 35 za ta ɗauke su. Kada ka dogara da lambar da aka rubuta a jiki, domin jakunkuna marasa asali da yawa ana manna musu lamba ne kawai. Ka tafi da awon tela, ka auna tsawo da faɗi da kauri da santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000. Jakar da ke da tsawo 50, faɗi 30, kauri 22 ta ba ka lita 33 ke nan, a zahiri ma za ta ɗan gaza haka tunda kusurwoyinta a lanƙwashe suke.

Abin da ke wahalar da mai keke nauyi ne, girman jaka na biye ne. Matsalar babbar jaka ita ce ba ta taɓa zama fanko, kullum sai an sami abin cusawa. Yi lissafi: kwamfuta da caja kusan kilo 2 da rabi, ruwa lita ɗaya da rabi kilo ɗaya da rabi cif, takalmi da tufafi kilo 2, jakar kanta kilo ɗaya ko fiye. Ka kai kilo 7 tun ba a zo kan littattafai da cefane ba. A ganina kilo 6 zuwa 7 shi ne iyakar abin da ya kamata ya zauna a baya a tafiyar cikin gari ta minti 30 zuwa 40. Yawancin nauyin da ka goya a kan sirdi yake ƙarewa, ragowar kuma a wuyan hannu. Shi ya sa mai goyon nauyi ke kukan mazaunai da sanyin yatsu kafin ma bayan ya fara ciwo.

Siffa kuma ka nemi siririya wadda faɗinta bai wuce kafaɗunka ba. A titin Ahmadu Bello da yamma, kafin ka kauce wa motar da ta tsaya dole ka waiga ta kan kafaɗa, in jaka ta tare maka wannan waigen to mai Napep ɗin da ke bayanka ba za ka gan shi ba. Kada kuma ta cika tudu a baya kamar ƙoƙon kunkuru, don nauyin da ya yi nesa da jiki shi ke fizgar mutum gefe a kwana.

Tsawonta ya dace da bayanka. Sunkuyar da kai, ka shafa bayan wuya za ka ji wani ƙashi da ya fito. Daga nan a auna zuwa daidai saman ƙashin ƙugu. Yawancin manya suna faɗawa tsakanin santimita 40 da 50. Daga inda igiyar kafaɗa ta kama jikin jakar zuwa ɗamarar ƙugu ya yi kusan wannan awon, gara ma ya ɗan gaza da ya zarce.

Igiyoyi uku ba a sayen jaka in babu su. Ta ƙirji, wadda ke haɗa na kafaɗa biyu don kada su zame. Ɗamarar ƙugu. Sai na gefe masu matse jaka in ba ta cika ba, aƙalla biyu kowane ɓangare. In babu na gefen, kayan za su riƙa kai-kawo a ciki duk lokacin da ka miƙe tsaye kan feda wajen hawa gadar Kawo.

Gwaji mafi sauƙi shi ne fiya wata. Kowace leda rabin lita ce, wato rabin kilo. Sayi guda 14, ka zuba a jakar a gaban mai shago, ka goya, ka ɗaure komai, ka duƙa ka dafa benci kamar ka kama kan keke. Ɗaga kai, waiga hagu da dama, girgiza jiki. In ta taɓa ƙeya, ko ta zamo zuwa wuya, ko igiya ta ci maka hammata, mayar masa da abarsa. Jakar da aka cusa wa takarda aka rataye a ƙusa kowacce daɗin goyo gare ta.

Telan Jaka, Tudun Wada:

Malam Mai Feda ya gama da awo, bari in shiga ɓangaren ɗinki da yadi, don nan ne ake cutar mai saye.

Gwanjo mai asali ta fi sabuwa marar asali nesa ba kusa ba. In aka dace da irin su Deuter ko Osprey cikin dilar gwanjo a Kasuwar Barci, ko wajen masu jakunkuna a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, an yi sa'a. Sai dai sunan ma ana ɗinka shi a jikin jabu, saboda haka aikin za ka duba, ba tambarin ba.

Fara da juya jakar ciki waje. Yadin jaka ana shafe cikinsa da wani siririn danƙo mai hana ruwa shiga. In jakar ta tsufa, ko ta daɗe a ɗaure cikin dila da laima, wannan shafen yana ruɓewa: za ka ji yana danƙo a yatsa, ko yana zubowa kamar amosanin kai, ga wani wari mai tsami. Wannan ba ya gyaruwa, kuma zai ɓata maka fararen kaya. Ɗaga yadin ka kalli rana ta cikinsa, musamman gindin da kusurwoyi. In haske na ratsowa ɗigo-ɗigo, ya cinye.

Kaurin zaren yadi ana rubuta shi da lamba da harafin D. Mai 600D shi ne aka fi samu a jakunkunan makaranta masu ɗan kyau, kuma ya isa aikin yau da kullum. Nailan mai 1000D, irin Cordura, ya fi juriya sosai amma ya fi nauyi. Mai 210D sirit yake, a ciki ake sa shi ko a jakar da ba a ja a ƙasa. In an sami wadda gindinta ninki biyu ne, ita ce.

Sai inda igiyar kafaɗa ta shiga jikin jaka, sama da ƙasa. Nan ne kusan duk jakar da aka kawo gyara ta yage. Ɗinkin ƙwarai za ka ga an yi shi murabba'i da gicciye a tsakiya, ko an tara zare wuri ɗaya an yi ta maimaitawa har ya yi kauri kamar ƙwayar shinkafa. In layi ɗaya ne kawai ya ratsa, taka gindin jakar da ƙafa ka ja igiyar da ƙarfi, za ka ga ramukan allura suna buɗewa. Soson cikin igiyar ka matsa shi da yatsa biyu: mai rai yana dawowa nan take, matacce yana lafewa kamar tabarma. Faɗin igiyar ya kai santimita 6 ko 7, kuma ta zo a lanƙwashe, don miƙaƙƙiya tana gurzar wuya in hannuwa suna gaba.

Zif kuma juya kan ka duba bayansa, yawanci akwai lamba. Babban baki ya zama lamba 8 ko 10, lamba 5 na ƙananan aljihu ne. In an rubuta YKK, sunan wani kamfanin zif, kuma yana tafiya sumul, madalla. Zif yana mutuwa ne ta hanya biyu. Ɗaya cika jaka fiye da kima a riƙa jan sa da ƙarfi a kwana. Ɗayan ƙura: a lokacin hunturu ƙurar tana shiga haƙoran, tana cin cikin kan zif ɗin kamar sanfefa, sai ka ja ka ga yana buɗewa a bayanka. Maganinsa tsohon buroshin haƙori duk mako, sannan a goga kyandir a haƙoran. Kada a sa baƙin mai ko man shafawa, ƙura suke kamawa. In ya fara buɗewa, kan kawai ake canzawa, ba sai an farke zif ɗin duka ba, kada wani ya caje ka kuɗin sabon zif.

Maƙallan roba, waɗanda ke yin ƙas in an haɗa, ka buɗe ka rufe kowanne sau da yawa. Wanda rana ta ci launinsa ya koma fari-fari ya kusa karyewa, amma wannan ƙaramin abu ne, ana samun su da awo, milimita 20, 25, 38 da 50. Haka igiyar ƙirji, in jaka ta yi maka ta ko'ina sai ita ce babu, tela zai sa maka cikin minti 20. Ka ce ya ɗora ta kamar yatsu huɗu ƙasa da gindin maƙogwaro.

Zancen ruwa, kada mai shago ya ce maka yadin ba ya shan ruwa ka yarda an gama. Ruwa ta ramin allura da zif yake shiga. Wadda ruwan Agusta ba ya ratsawa ita ce ta yadin tamfol da aka liƙe gaɓoɓinta da zafi maimakon ɗinki, bakinta kuma naɗe shi ake yi sau uku a maƙale, irin aikin Ortlieb na Jamus. Tana da tsada, ba ta da aljihu sosai, kuma bayanka zai jiƙe sharkaf da gumi. Hanya mai araha ita ce jaka ta yau da kullum, a zura babbar leda mai kauri a ciki, a zuba kaya, a murɗe bakin a lanƙwasa shi ƙasa. Kwamfuta kuma da tata ledar daban. Rigar ruwan da ake lulluɓa wa jaka tana taimakawa, sai dai ba ta rufe ɓangaren da ke manne da baya, ruwan da ya gangaro daga wuya ta nan yake bi.

In ta jiƙe a zazzage ta a shanya a inuwa baki a buɗe. Wanki da ruwan sanyi da sabulu marar kaifi, ban da ruwan zafi, ban da jiƙawa cikin omo ta kwana.

Bakaniken Keke, Kakuri:

Allah ya saka wa malamai biyu. Ni dai Ɗan Rigasa, zancen Zariyan nan ne ya tsaya mini. Kaduna zuwa Zariya kusan kilomita 80 ne, ga mai matsakaicin gudu awa huɗu zuwa biyar ke nan a kan sirdi. Babu jakar goyon da za ta sa kilo 7 ya yi daɗi na awa biyar, ko nawa aka saye ta. Kafin ka wuce Jaji za ka gane. Keke an yi shi ne ya ɗauki kaya, kai ka ɗauki kanka. Dubi masu keken Phoenix da ke shigo da buhu daga ƙauye, ba ka taɓa ganin sun goya shi ba.

Ka ce kekenka ba shi da kariya. Duba kusa da inda ƙafar baya ta ɗaure, za ka ga ƙaramin rami mai zare kowane gefe, wasu biyu kuma a sama, a sandunan da suka gangaro daga ƙarƙashin sirdi. Na kariya ne. Kusoshi masu kaurin milimita 5 suke ci. Yawancin kariyar kanti an buga mata iyakar kilo 25 a jiki. In babu ramukan sama, ana kama sandunan da maɗaurin ƙarfe, a sa yankin tsohon tiyub a ƙarƙashi don kada ya ci fenti. Irin wadda ke maƙale a sandar sirdi kaɗai ba ta wuce kilo 10, kuma tana juyawa gefe, ban ba ka shawararta ba. Masu walda a Panteka suna ƙera kariya mai ƙarfi, amma ka kai musu keken su auna, kuma ka ce ta kusoshi kake so. Kada a yi walda a jikin firam, in na alminiyom ne ma an kashe shi.

Abin da ke lalacewa a kariya kusoshi ne. Girgizar hanya tana kwance su, ɗaya ya faɗi, ɗayan ya karye a cikin ramin. Sa washa mai tsini, wato ɗan zoben ƙarfe mai hana kwancewa, a kowanne, ka bi su da sifana bayan kwana biyu na farko, daga nan duk mako. Wanda ke gefen sarƙa kada ya yi tsawo, in ya leƙo ciki zai tare sarƙa ta ƙi sauka kan ƙaramar giya.

Jakar goyon da malamai suka kwatanta za ta kwanta a kan kariya. Igiyoyinta su kalli sama, a naɗe su ciki, a ɗaure da robar tiyub biyu a gicciye, ta uku a tsakiya. Igiya ɗaya da ta yi lilo ta shiga wayoyin taya ta isa ta kayar da mutum. Ko a bayanka take, duk jelar igiyar da ta yi saura ka naɗe ta ka ɗaure da kyauro.

Wanda kuma ya nace sai goyo, ya san birkinsa ya canza. Nauyi yana sama, in ka damƙe birkin gaba da ƙarfi jakar za ta taho kan wuyanka ta tura ka gaba. Fara da na baya, ka biyo da na gaba a hankali, ka ja mazaunai baya. Ƙara iska a tayar baya zuwa kusa da iyakar da aka rubuta a gefenta, in ba haka ba bakin rami zai matse tiyub ya huda shi wuri biyu. Kuma sa madgad a baya. Rabin ruwan da ke jiƙa jaka a damina daga taya yake tasowa, da jar laka.

Ɗan Rigasa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na fahimci mai lita 30 zuwa 35 zan nema, kariya kuma kafin tafiyar Zariya. Saura abu biyu. Ɗamarar ƙugu mai kauri da soso ta fi, ko siririya? Sannan yaya ake jera kayan a ciki? Gumi kuma fa, akwai dabara?

Mai Feda na Kawo:

Siririya ko matsakaiciya. Mai tafiya a ƙasa yana son mai kauri don ta sauke nauyi a ƙugu. A kan keke jakar kwance take a bayanka, aikin ɗamarar shi ne hana ta lilo da zamowa gaba. Mai fukafukai masu kauri cinya za ta riƙa dukanta duk zagayen feda, ta kuma danne ciki ta hana numfashi. Mai faɗin milimita 38 ta wadatar. Ɗaure ta kana duƙe a kan keken, ba kana tsaye ba, ka bar wurin da yatsu biyu za su shiga. Daga nan ka ja na kafaɗa, ta ƙirji ce ƙarshe, ita kuma kada ka matse har ta hana ƙirji buɗewa.

Jeri kuwa, mai nauyi ya manne da baya kuma ya yi ƙasa-ƙasa. Kwamfuta a aljihunta na jikin baya, amma ka tabbata aljihun bai kai gindin jakar ba, ya tsaya kamar yatsu biyu sama, don in ka dire jakar kada gefen kwamfutar ya fara dukan ƙasa. In ya kai, naɗe tawul ka sa a ƙasan. Littattafai su biyo bayanta a tsaye. Takalmi a gindi, tufafi a naɗe su cike gefe da gaba. Caja da makulli da duk wani abu mai tsini su yi nesa da ƙashin baya, saboda ranar faɗuwa. Cefane a sama, tumatir da ƙwai cikin roba mai murfi. Gorar ruwa fitar da ita gaba ɗaya, ta koma mariƙinta a jikin firam, ka rage kilo ɗaya da rabi a banza. In ka gama ka ja igiyoyin gefe har sai ka girgiza jakar ba ka ji motsi ba.

Gumi ba a hana shi a zafin Maris da Afrilu, ragewa ake yi. Akwai mai raga da aka ɗame a kan lanƙwasasshen ƙarfe, jakar ba ta taɓa baya, iska na ratsawa. Ita ta fi sanyi, amma lanƙwasar tana cin wuri, kwamfuta mai inci 15 ba ta zama daidai a wasunsu, sai ka gwada da taka. Akwai mai soso biyu a tsaye da kwari a tsakiya, ita ce tsaka-tsaki kuma ita zan ce ka ɗauka. Rigar da za ka shiga ofis da ita ta zauna cikin leda, ka hau da wata.

Bakaniken Keke, Kakuri:

Ƙarin abu ɗaya tunda da magariba za ka riƙa komawa Rigasa. Jaka baƙa a kan baya da dare ba a ganin ta, kuma in ta sauko tana rufe fitilar da ke sandar sirdi. Masu maƙala jar fitila a saman jaka su ma kuskure suke yi, da sun duƙa fitilar sama take haskawa. A sa ta can ƙasan jakar, ko a bayan kariya in an ɗaura. Ka hau keken ka duƙa yadda ka saba, wani ya koma baya taku 30 ya gaya maka ko yana ganin ta. Telan Jaka, ina jin kuna da kirtanin nan mai ƙyalli in haske ya doke shi?

Telan Jaka, Tudun Wada:

Akwai shi, irin na rigar masu aikin titi, da yadi ake sayarwa. Yadi ɗaya ya isa: layi biyu a gindin jaka, ɗaya kowane gefe, guntu biyu a gaban igiyoyin kafaɗa. Amma a kan igiya ko bakin aljihu za a ɗinka shi, kada a huda babban yadin, kowane ramin allura ƙofar ruwa ce. In jakar ta tamfol ce, mai gam za a saya a manna, bayan an goge wurin ya bushe.